Rami ɗaya, ofisoshi huɗu

Ni ne mai kula da kwamfutoci a ofishin magajin garinmu, wanda a nan muke kira meri. Garin ƙarami ne a yankin Arewa na Kamaru, tafiyar 'yan sa'o'i daga Garwa idan hanya na da kyau. Wata rana na hau rufin meri don in miƙe eriyar da iskar farkon damina ta karkatar, sai na tsaya na dubi rufin maƙwabta. Ga ofishin sufurefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, ga na mai duba makarantun firamare, can gaba kaɗan ga asibitin gunduma. Mutum zai zagaya su huɗun a ƙafa kafin shayinsa ya huce. Amma kowane ofis da tasa hanyar samun intanet. Asibiti na da katon faifan tauraron ɗan adam da wani shirin taimako ya kafa, ranar da shirin ya ƙare kuɗin layi ya ƙare, tsuntsaye suka yi sheƙa a bayansa. A ofishin sufurefe akwai dogon ƙarfe mai eriyar da aradu ta ƙona. Mai duba makarantu da wayarsa ta hannu yake aika rahoto, da kuɗin aljihunsa. Namu na meri ne kaɗai ke numfashi, shi ma da ƙyar.

Abin da ya fi cin raina shi ne wayar gilashi, wadda muke kira fibur, ta ratsa ta bakin garinmu a gefen kwalta. Kullum ina wuce 'yan turakun siminti da ke nuna inda aka binne ta. Babban layin ƙasa ne, a hannun Camtel, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1998. Daga kudu yake tasowa, ya bi Ngaundere da Garwa da Marwa har Kusiri, inda yake tsallakawa Njamena. Can bakin teku kuma yana haɗuwa da wayoyin ƙarƙashin ruwa: SAT-3 a Duwala, WACS a Limbe, sai wasu biyu a Kiribi, ɗaya zuwa Legas, ɗaya zuwa Fortaleza ta ƙasar Birazil, wanda aka kammala a 2018, tsawonsa wajen kilomita 6,000. Waya ta ƙetare teku, ta ƙetare Adamawa da Binuwai ta iso ƙofar gidanmu, sannan 'yan mitoci ɗari-ɗari da ke tsakanin ofisoshinmu su gagare mu.

Takardar haihuwa ce ta sa na daina gunaguni na tashi tsaye. A yankinmu duk shekara idan jarrabawar gama firamare ta ƙarato, sai ka ga iyaye sun cika farfajiyar meri, yaro ya kai aji shida ba shi da takarda, kuma ba za a karɓi dosiyensa, wato takardun shiga jarrabawa, ba sai da ita. Wa'adin rajista ya wuce da shekaru, sai an je kotu an nemi hukunci, ga kuɗi ga zirga-zirga. Wata mata ta zo da ɗanta tana riƙe da katin awon ciki da ya yi laushi don tsufa, tana rantsuwa a asibitin nan ta haihu. Gaskiyarta ne. Sanarwar haihuwar tana cikin wani littafi a asibiti, ba ta taɓa isowa wurinmu ba, domin a kan babur ake kawo takardun idan an tuna, idan kuma akwai mai. Tsakanin littafin nan da teburin mai rajista, da ka ɗaga murya za a ji ka.

Na sami magajin gari bayan la'asar na ce, "Ranka ya daɗe, maimakon kowa ya sayi ƙaramin layi mai tsada da yake mutuwa, me zai hana mu ɗauki babba guda ɗaya, mu haƙa rami ɗaya, mu raba?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, waya ba za ta ba ka wuya ba. Mutane ne za su ba ka wuya. Je ka rubuto mini a shafi biyu, kada ka sa mini kalmomin injiniyoyi." A lokacin na ɗauka zai yi mini hanya-hanya ne kawai. Ashe ya hango abin da ban hango ba.

Sufurefe ne ya kira taron farko, don shi ne wakilin gwamnati a gundumar, takardar gayyatarsa ba a ƙin amsa ta. A teburi ana Faransanci, a baranda ana Fulatanci da Hausa, kuma a barandar aka fi faɗin gaskiya. Babban likita ya fara. Ya ce, "A kwamfutocina akwai sakamakon gwajin jini na mutanen garin nan. Idan waya ɗaya ce, wa ya ce ma'aikacin meri ba zai leƙa ya ga na maƙwabcinsa ba?" Magatakardan sufurefe ya ce su ma suna da saƙonnin tsaro da ba kowa ya kamata ya gani ba. Ban ji haushin tambayar ba, don likitan da bai yi ta ba bai cancanci riƙon asirin marasa lafiya ba. Na ce, "Dokta, gidan gandu ne. Zaure ɗaya, amma kowane sashe da katangarsa da ƙofarsa. Wanda ya shigo zaure ba ya ganin ɗakin kowa." A harshen sana'a ana kiran wannan katanga VLAN: na'urar rarraba layi tana yi wa bayanan kowane ofis lamba, ba ta barin na wannan su faɗa wa wancan. Bai gamsu da baki ba. Washegari na kawo na'ura da kwamfutoci biyu ofishinsa, na jona su, na ce ya kira duk wanda ya yarda da iliminsa ya gwada shiga ɗaya daga ɗayar. Ya kira wani matashin ma'aikacinsa, suka yi ta fama har azahar. Daga nan ya ce a ci gaba, da sharaɗin kalmar sirrin sashen asibiti tana hannunsa, a cikin ambulan da aka liƙe.

Inda muka kusa watsewa shi ne kuɗi, kuma a nan na fahimci abin da ya sa ofisoshin nan huɗu ke da hanyoyi huɗu. Ofisoshin suna kallon juna a titi ɗaya, amma igiyar kowanne tana can Yawunde a hannun ma'aikata daban. Asibiti na ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, mai duba makarantu na ƙarƙashin ta ilimin firamare, sufurefe na ƙarƙashin ta mulkin yankuna. Kuɗin aikinsu yana zuwa ne a takardar izinin kashewa da ma'aikata ke kira karton, kowanne an rubuta abin da za a saya da shi, kuma mai binciken kuɗi ba zai sa hannu a kan wani abu daban ba. Meri kuwa tana da kasafinta, kansiloli ne ke amincewa da shi, furefe, wanda ke gaba da sufurefe, ya sa albarka. Tunanina na farko shi ne kowa ya kawo kashi ɗaya cikin huɗu a zuba a asusu ɗaya. Ma'ajin meri, dattijo da ya tsufa a aikin baitulmali, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, wane asusu? Da sunan wa? Ranar da masu bincike suka zo, wace takarda zan nuna musu cewa kuɗin lafiya ya shigo hannuna bisa doka?" Na rasa amsa. Wata biyu maganar tana kwance, har na fara jin kunyar haɗuwa da likita a masallaci.

Shi dattijon da ya rufe ƙofar, shi ya buɗe ta. Ya kira ni ofishinsa ya ce, "Kada kuɗi ya tsallaka daga aljihu zuwa aljihu. Kowa ya kawo abin da kartonsa ya riga ya halatta masa." Muka zauna da fensir. Meri za ta biya kuɗin layi na wata-wata da haƙa rami, tunda titunan gari nata ne, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2019 ta ɗora mata hidimar rajistar haihuwa da tallafa wa makarantun firamare da cibiyoyin lafiya, ke nan akwai hujjar da za a kai gaban kansiloli. Asibiti zai ba da ɗaki da wuta, don shi kaɗai ke da janareto da faifan hasken rana da mai gadi dare da rana. Ofishin sufurefe zai sayi batura daga kuɗin kula da kayan aiki, ya kuma riƙe shugabancin kwamiti. Mai duba makarantu ba shi da abin kirki a kartonsa, sai muka ce ya sayi na'urar da za ta zauna a ofishinsa, ya kuma ba da malami ɗaya da zan koya wa aikin, saboda ranar da ba na gari. Har yau ina ganin nasa kason ya fi na kowa daraja.

Yarjejeniyar da muka rubuta shafi huɗu ce, kuma na fi alfahari da ita fiye da duk wayar da na taɓa jonawa. Mun rubuta wa ke da kowace na'ura, da lambar da mai ajiyar kayan ofishinsa ya liƙa mata, don kada wata rana a ce kayan meri sun ɓata alhali suna ɗakin asibiti. Mun rubuta mabuɗin ɗakin na'urori uku ne da sunan muƙamin masu riƙe su. Muƙami muka rubuta, ba sunan mutum ba, domin a aikin gwamnati yau kana nan, gobe an karanta sauyinka a rediyo. Mun rubuta rabon gudun layi: kowa da ƙaramin kason da ba a taɓa masa, abin da ya yi saura wanda ke buƙata ya ɗauka, idan an yi cunkoso asibiti ne gaba. Mun rubuta wa za a kira idan layi ya mutu da dare, wa zai sayi man babur, wa zai biya idan an sare waya. Mun rubuta cewa wanda ke son fita ya ba da sanarwar wata uku, kuma ba zai tone wayar da ke ƙasa ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya sa an yi dariya a taro, amma na nace sai da aka bar shi.

Sauran takardu sun zo da sauƙi. Dokar sadarwa ta 2010 ta sa sha'anin layuka a hannun hukumar kula da sadarwa ta ART, kuma tunda wayarmu za ta tsallaka titin jama'a, sai muka kai bayani ofishinsu na Garwa da zanen hanyar ramin da jerin na'urorin, aka duba ko duk irin waɗanda hukumar ta amince da su ne. Wajen saye kuwa muka bi dokar kwangila ta 2018: abin da bai kai sefa miliyan 5 ba ana yin sa da takardar oda, daga nan zuwa sama sai an bi ta kwamitin kwangila. Wanda zai yi irin wannan lissafi kada ya manta da harajin kaya na kashi 19.25 cikin 100, yana iya tura ka daga wannan mataki zuwa wancan ba ka sani ba.

Wasu sun ce me ya sa ba za mu kafa eriya a kowane rufi su riƙa magana da juna ta iska ba, a huta da haƙa. Na yi tunaninsa. Amma irin wannan eriya sai tana ganin 'yar'uwarta ido da ido, garinmu kuwa dalbejiya ta rufe shi, kuma ba zan nemi a sare inuwar mutane a garin da zafin Maris da Afirilu ke wuce digiri 40 ba. Ga aradu, wadda ta riga ta nuna mana aikinta a rufin sufurefe. Wayar tagulla ta kwamfuta kuma ba ta wuce mita 100. Fibur gilashi ce, haske ne ke tafiya a cikinta, ba ta ɗauko wutar aradu daga gini zuwa gini.

Bayan damina muka fara haƙa, ƙasa ba ta gama bushewa ta zama dutse ba. Samarin unguwa muka ɗauka da diga da shebur, zurfin ya kai ƙugun mutum. A rana ta uku ramin ya iso jikin katangar wani dattijo, ya fito da sandarsa ya tsaya a kai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, wa ya gaya mini? Katangar ƙasa ce, kun tone gindinta, ruwan baɗi zai kwantar da ita." Na ce, "Baba, laifina ne. Na bi ofisoshi da takarda, ban zo ƙofarka ba." Muka tsayar da aiki, muka je wurin mai unguwa da goro, aka ja ramin baya da taku uku. Wannan ya ci mana ƙarin bututu da kwana biyu. Da damina ta dawo na ga yadda ruwa ke bin gindin katangar nan, na san da mun bar ramin a inda yake da mun rusa wa bawan Allah gida.

A cikin ramin muka shimfiɗa yashi, muka kwantar da bututun roba biyu, ɗaya da waya, ɗaya babu komai sai igiyar ja. Muka rufe rabi, sannan muka shimfiɗa koren raga, alamar da ke gaya wa duk mai haƙa cewa akwai wayar sadarwa a ƙasa, kamar yadda ja ke nuna lantarki, shuɗi ke nuna ruwa.

Ranar haɗa bakin waya ba zan manta da ita ba. Mai aikin ya zo daga Garwa da wata 'yar na'ura kamar akwatin rediyo. Hunturu ya shigo, ƙura ta ko'ina, sai ya sa aka rufe tagogi aka yayyafa ruwa a ƙasa, ya ce ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Ya fere rigar wayar har ya kai ga zaren gilashin, siririnsa kamar gashin kai, inda hasken ke bi a tsakiya kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin zaren ba. Ya goge da auduga da sinadari, ya datse bakin da wani ɗan ƙarfe, ƙas, ya kwantar da zare biyu suna fuskantar juna. A ɗan allon na'urar muka ga bakunan sun matso da kansu, wuta ta yi walƙiya sau ɗaya, suka narke suka zama ɗaya, ba ka ganin tabo. Likita na tsaye a bayana yana riƙe da numfashi. Da koren fitila ya kama a na'urar ofishin mai duba makarantu, malamin da nake koya wa aiki ya fita baranda yana kiran maigidansa da ƙarfi, "Yallaɓai, ta zo!"

Zafi ne ya fara gwada mu. Ɗakin da asibiti ya bayar yana fuskantar yamma, kuma batirin dalma ba ya son zafi: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana cinye kusan rabin rayuwarsa. Ga wuta da ke yawan ɗaukewa a ƙarshen rani idan ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo, wadda yankunan arewa uku suka daɗe suna dogaro da ita. Muka yi rumfar zana a jikin bangon, muka huda tagar iska sama da ƙasa da raga saboda ɓeraye, muka ɗaga baturan daga ƙasa. Abin ya yi sauƙi.

Gwaji na biyu ya fi zafi. Masu gyaran bututun ruwa suka zo da diga, suka ga koren raga suka ɗauka tsohuwar leda ce, suka sare wayar da ke zuwa meri da ofishin sufurefe. A lokacin an sauya sufurefen da muka fara da shi, sabon bai san zancen ba, magatakardansa ya kira ni yana faɗa, wai layin meri ya hana su aiki. Na ɗauki kwafin yarjejeniya na je. Sabon sufurefe ya karanta shafi huɗun a tsaye, ya kai kan sharaɗin saran waya, ya ce, "To ai an rubuta." A ranar ya kira kwamiti, ya sa aka nemo ɗan kwangilar ruwan, meri ta biya mai haɗa waya kamar yadda aka tsara, aka bi ɗan kwangilar bashi. Kwana uku muka yi babu layi. Da babu takardar nan, na san yadda za ta kaya, don na ga faifan da ke kan rufin asibiti.

Akwai kuma ƙorafin yau da kullum. Ƙarshen wata, lokacin da asibiti ke shigar da rahotonsa a manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2, sauran ofisoshi suna jin layi ya yi nauyi, a kira ni. Nakan buɗe allon da ke nuna wa ke cin nawa in juya musu su gani da idonsu. Wani lokaci a tarar wani ne ya ba 'yan gidansu kalmar shiga ana kallon bidiyo a gindin katanga. Yanzu duk wata muna sauya kalmar, kuma shugaban kowane ofis ne ke karɓar tasa hannu da hannu.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, har da WACS da SAT-3, intanet ya durƙushe a ƙasashe da yawa na yammaci da tsakiyar Afirka. Mu ma shafi ɗaya sai ya yi minti-minti bai buɗe ba. Ina zaune ina amsa waya ina ba da haƙuri, sai mai rajistar haihuwa ta leƙo ta ce, "Malam, ai nawa yana aiki." Na je na duba. Sanarwar haihuwa biyu na daren jiya sun shigo daga ɗakin haihuwa, don ba sa zuwa teku, ramin nan kawai suke bi, daga ƙaramar kwamfutar da muka ajiye a asibiti zuwa teburinta, ta ƙofa ɗaya tak da likita ya yarda a buɗe a katangarsa. Ta kira mahaifin ɗaya daga cikin jariran ta ce ya zo da katin shaidarsa da sunan da za a raɗa. Ya ce sai ranar suna zai faɗa. Ta ce ba komai, takardar na jiransa.

A watan jiya shugaban makarantar sakandare ya aiko yana tambaya ko za a ja musu layi, wakilin ma'aikatar noma ma ya yi magana. Na ba kowannensu kwafin shafi huɗun, na ce ya karanta, ya duba kartonsa, ya zo taron kwamiti da abin da zai iya kawowa. Shugaban makarantar ya ce yana da ɗalibai da za su taya haƙa da ɗakin da ba ya zafi. Ranar Asabar ni da malamin nan muka buɗe murfin ramin da ke kusa da katangar Baba, muka gwada igiyar da muka bari a bututu na biyu. Gara ba ta taɓa ta ba, tana ja sumul.